Gasar Duniya ta Hokin Daɓe: Darasin da Tsoka ke Koyarwa a Kan Benci

Duk wanda ya saba kallon ƙwallon ƙafa, inda ɗan wasa kan shafe minti 90 a fili ba tare da an canza shi ba, zai sha mamaki ranar da ya fara kallon wasan da ake kira fulobol. Kafin ya gama tantance fuskokin 'yan wasa biyar da ke fili, sai ya ga sun ruga sun tsallake shinge sun zauna, waɗansu biyar sun maye gurbinsu. Su ma waɗannan ba safai suke cika minti ɗaya da rabi ba. Haka za a yi ta yi har a tashi. Mai kallo na iya zaton ragwanci ne, ko kuwa kocin ne bai san wanda yake so ba. Alhali a gasar cin kofin duniya ta maza, waɗannan masu shiga da fita su ne zaɓaɓɓun ƙasashensu, kuma horon da suke sha ba na wasa ba ne. Amsar wannan al'amari tana cikin tsoka, kuma ita ce za mu bi diddiginta a wannan darasi.

Wasan da gasarsa

Fulobol ɗan'uwan hoki ne, sai dai a cikin zaure ake yin sa, bisa daɓen katako ko na roba, da takalman motsa jiki. Saboda haka a nan za mu kira shi hokin daɓe. A Suwidin, inda ya girma a shekarun 1970, sunansa innebandy. A Finlan salibandy. A Suwizalan unihockey. Filin yana da tsawon mita 40 da faɗin mita 20, an kewaye shi da gajeren shinge mai tsayin santimita 50, wanda ƙwallo kan buga ya dawo, ta yadda wasa ba ya yawan tsayawa. Kowane ɓangare na da 'yan wasa biyar masu sanda da mai tsaron gida ɗaya wanda ba ya riƙe sanda. Sandar ba ta wuce giram 380 ba. Ƙwallon kuwa na filastik ne, cikinsa fanko, faɗinsa milimita 72, yana da huji 26, nauyinsa giram 23 kacal. Wato sai an tara irinsa kusan 19 kafin su kai nauyin ƙwallon ƙafa guda. Ana yin zango uku, kowanne minti 20, kuma a manyan wasanni ana tsayar da agogo duk sa'ad da wasa ya tsaya. Ƙungiya na iya zuwa da 'yan wasa har 20, kuma doka ta yarda a yi canji a kowane lokaci, sau nawa aka ga dama, ba sai an nemi izinin alƙalin wasa ba.

Ƙasashe uku, Suwidin da Finlan da Suwizalan, su ne suka kafa hukumar wasan ta duniya, wato IFF, a garin Huskvarna na Suwidin a 1986. Bayan shekara goma, a 1996, aka yi gasar duniya ta maza ta farko, inda Suwidin ta lallasa Finlan da ci 5 da nema a wasan ƙarshe a birnin Sitokhom. Tun daga nan ake yin gasar duk bayan shekara biyu. Ta mata kuma, wadda aka soma a 1997, ana yin ta a shekarun da ke tsakani. Suwidin ta ɗauki kofi shida na farko a jere. Sai a 2008, a birnin Firag, Finlan ta karya wannan lago da ci 7 da 6, bayan Tero Tiitu ya jefa ƙwallon nasara a ƙarin lokaci. Finlan ta sake ɗauka a 2010 da 2016 da 2018 da 2024, Suwidin kuma a 2012 da 2014 da 2022, da kuma gasar 2020 wadda annobar korona ta sa aka ɗage zuwa Disambar 2021. Idan aka lissafa daga 1996 zuwa 2024, an yi gasa 15: Suwidin ta ci 10, Finlan 5. Suwizalan ta kai wasan ƙarshe a 1998, Jamhuriyar Cek a 2004 da 2022, amma dukansu sun koma gida da azurfa.

A tsarin shekarun baya-bayan nan ƙasashe 16 ke halarta, ana kuma gamawa cikin kwana tara, galibi a watan Disamba. Ƙungiyar da ta kai ƙarshe takan buga wasa shida, biyu na ƙarshen a kwana biyu a jere. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

Tuwo, gari da hatsi

Tsoka ba ta san wani abinci ba sai guda ɗaya, wani sinadari da masana ke taƙaita sunansa da haruffan ATP. Duk lokacin da zaren tsoka ya tsuke, ATP ya fasa ya sami kuzarin yin haka. Abin mamaki shi ne, ajiyar ATP da ke cikin tsoka ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Idan mutum ya zura da gudu iyakar ƙarfinsa, ba za ta kai shi sakan uku ba. Saboda haka dole a riƙa sabunta shi nan take, kuma jiki yana da hanyoyi uku na yin haka.

Bari mu kwatanta da gida. ATP shi ne tuwon da ke cikin akushi: a shirye yake, amma loma kaɗan ce. Bayansa akwai gari a ƙwarya, wanda ba ya bukatar surfe ko niƙa, tuƙi kawai. Wannan shi ne sinadarin fosfokiriyatin, wanda aka gano a 1927. Aikinsa guda ne: da zarar ATP ya fashe, sai ya miƙa masa ɓangaren fosfet da ya rasa, ya mai da shi sabo, cikin ƙiftawar ido kuma ba tare da iskar oksijin ba. Babu hanyar da ta kai shi sauri. Illarsa ita ce ƙwaryar ba ta da zurfi. Gudun sakan goma na iyakar ƙarfi ya isa ya cinye mafi yawansa.

Sa'an nan akwai hatsi a rumbu, wato gilaikojin, wanda shi ne sukarin gulukos da jiki ya ɗaure ya ajiye a tsoka da hanta. Ana iya sarrafa shi ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta gaggawa, inda ake raba gulukos gida biyu a cikin ruwan ƙwayar tsoka ba tare da jiran oksijin ba. Tana da sauri, amma almubazzaranci ce, domin ATP biyu ko uku kaɗai ake samu daga kowane gulukos. Ta biyu ita ce ta natsuwa, wadda ake yi a cikin waɗansu ƙananan ɗakuna na ƙwayar halitta da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙone gulukos ƙurmus da oksijin a sami ATP kimanin 30. Wannan hanya tana iya ƙona kitse ma, kuma ba ta gajiya da wuri, sai dai ba ta iya biyan bukatar wanda ke gudun ceton rai.

A littattafan karatu akan jera hanyoyin nan kamar ana gama ɗaya ne kafin a shiga ɗaya. Ba haka abin yake ba. Dukansu suna aiki tare tun daga sakan na farko, abin da ke sauyawa kawai shi ne wadda ta fi ɗaukar kaya.

To, a fili mai mita 40, da ƙwallon da bai kai nauyin ƙwan kaza ba, babu inda ɗan wasa zai laɓe ya huta. Ya zabura mita biyar ko goma, ya ci birki, ya juya, ya sunkuya, ya sake zabura. Kowace zabura tana ɗibar gari daga ƙwarya. Kafin a yi sakan 40 ko 50 ƙwaryar ta yi ƙasa, hanyar gaggawa ta karɓi aiki, ƙafafu sun fara nauyi. Mutumin bai faɗi ba, yana iya ci gaba da gudu. Amma ya rasa taku ɗaya, kuma a wannan wasa taku ɗaya ne tsakanin tare ƙwallo da ɗauko shi daga raga.

Abin da ke faruwa a benci

A nan ne labarin ya fi daɗi, domin da yawa daga cikin binciken da ya warware wannan mas'ala a Suwidin ɗin aka yi shi, tun kafin wasan ya yi suna. A farkon shekarun 1960 wani likita mai suna Jonas Bergström ya fito da wata allura da ake ciro ɗan mitsitsin nama da ita daga cinyar mutum yana farke, a auna abin da ke ciki. Da wannan allura masana suka sami damar leƙa cikin tsokar ɗan'adam kafin aiki da bayansa. A 1976 Roger Harris da Eric Hultman da abokan aikinsu a Sitokhom suka buga sakamakon wani gwaji: sun sa mutane aiki har fosfokiriyatin ɗin cinyarsu ya ragu ƙwarai, sa'an nan suka bi yadda yake dawowa. Ya dawo da sauri a farko, daga baya a hankali. Amma da suka ɗaure cinyar suka hana jini shiga, bai dawo ba sam.

Ma'anar wannan babba ce. Fosfokiriyatin ba ya bukatar oksijin wajen kashe shi, amma ba a iya mayar da shi sai da oksijin. Wato mitokondiriya ce ke niƙa sabon gari ta zuba a ƙwarya yayin da ɗan wasa ke zaune yana haki. Hakin nan da mai kallo ke gani aiki ne, biyan bashi ake yi. Shi ya sa ɗan wasan da ba ya taɓa yin gudun da ya wuce mita 30 a fili yake bukatar zuciya da huhu irin na mai gudun dogon zango. Wanda zuciyarsa ta fi tura jini, kuma tsokarsa ta fi yawan mitokondiriya da ƙananan hanyoyin jini, shi zai tashi daga benci da cikakkiyar ƙwarya.

Mu yi ɗan lissafi. A ƙiyasi mai sauƙi, rabin fosfokiriyatin da aka kashe yakan dawo cikin kimanin sakan 30, rabin abin da ya rage kuma cikin wani sakan 30, haka dai. Cikawa gaba ɗaya takan ɗauki minti uku zuwa biyar. Ƙungiyar da ke juya sahu uku na mutum biyar-biyar, idan kowane sahu ya yi sakan 45 a fili, yana samun hutun sakan 90. A wannan lissafi, kusan kashi bakwai cikin takwas na abin da aka kashe ya dawo. Idan kuwa sahu biyu ake juyawa, hutun ya koma sakan 45, abin da zai dawo bai cika kashi biyu cikin uku ba. Lissafin ya sauƙaƙa abin fiye da yadda yake a jiki, domin tsayawar wasa na ƙara hutu, kuma mutane sun bambanta. Amma alƙiblarsa daidai ce. Giɓin da aka bari a shiga ta farko ana ɗauke da shi zuwa ta biyu, na biyu zuwa ta uku. Kocin da ake ci, wanda ya koma juya sahunsa biyu mafi gwaninta a mintunan ƙarshe, ya san bashi yake ci da ruwa. Idan saura minti biyar ne, yana iya tsira. Idan tun zango na farko ya fara, saboda ba shi da sahu na uku da ya amince da shi, to zango na uku zai tona masa asiri.

A nan ya kamata mu wanke wani da aka daɗe ana yi wa ƙazafi, wato laktet, wanda aka fi sani da asid na laktik. Kusan kowace shekara sai na tarar da ɗalibai sun rubuta cewa shi ke sa gajiya, shi ke kuma sa ciwon jiki washegari. Laktet dai yana taruwa idan hanyar gaggawa ta yi yawa, wannan gaskiya ne. Amma makamashi ne ba shara ba: zuciya tana ƙona shi, zaruruwan tsoka masu juriya suna ƙona shi, hanta kuma tana mai da shi gulukos ta hanyar da Carl Cori da matarsa Gerty Cori suka bayyana. (Su biyun, waɗanda suka sami lambar Nobel a 1947, haifaffun Firag ne, birnin da Finlan ta fara ɗaukar kofi.) Cikin sa'a ɗaya ko makamancin haka bayan wasa, laktet ɗin jini ya koma yadda yake. Abubuwan da ake tuhuma da nauyin ƙafa a lokacin wasa sun haɗa da taruwar fosfet da ya ɓalle, da fitar sinadarin fotashiyam daga ƙwayoyin tsoka, da ƙaruwar tsami a cikinsu. Ciwon da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu kuwa, ƙananan yagewa ce a zaren tsoka, wadda cin birki da juyawa suka fi haddasawa.

Kwana tara

Abin da benci ke yi wa ƙwarya cikin sakan 90, shi dare ke yi wa rumbu. Babban mutum yana ajiye gilaikojin kimanin giram 400 zuwa 500 a tsokokinsa, da kamar giram 100 a hanta. Wasa mai yawan zabura yana cin wannan ajiya da sauri, musamman a zaruruwan tsoka masu saurin tsukewa, kuma cika ta kan ɗauki kusan kwana guda ko da an ci abinci mai sitaci sosai. Tsokar da ta yayyage ma takan fi haka jinkiri. Bergström da Hultman ɗin nan dai su ne suka nuna yadda rumbun ke cika, a wani gwaji na 1966 da suka yi a kan jikinsu: suka zauna hagu da dama na keke guda, kowa ya tuƙa da ƙafa ɗaya har ta gaji tiɓis, sa'an nan suka yi kwana uku suna cin abinci mai sitaci. Ƙafar da ta yi aiki ta tara gilaikojin kusan ninki biyu na wadda ta huta.

Yanzu a tuna da wasa shida cikin kwana tara, da wasan kusa da na ƙarshe yau, na ƙarshe gobe. Ƙungiyar da ta raba mintunan fili tsakanin mutum 15 ko fiye tun ranar farko za ta isa ranar ƙarshe da sauran hatsi a rumbu. Wadda ta dogara da gwanaye bakwai ko takwas za ta isa da gwanayenta, amma ba da ƙafafunsu ba. A ganina wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙaramar ƙungiya kan iya tsorata babba a zango ɗaya, ko ma ta ci ta a wasa ɗaya, amma ɗaukar kofi ya gagara.

Akan ji masu cewa ai abin a jinin mutanen arewacin Turai yake. Masanin halittu ba zai karɓi wannan magana da sauƙi ba. Gado yana da tasiri a jikin ɗan wasa, babu shakka, kuma misali mafi shahara daga Finlan ɗin ya fito: Eero Mäntyranta, gwanin gudun kan ƙanƙara wanda ya ci lambobin Olamfik bakwai a shekarun 1960, an gano a 1993 cewa danginsa na ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gado da ke sa jininsu ya fi na sauran mutane yawan jajayen ƙwayoyi. Amma wannan abin dangi ɗaya ne, ba na ƙasa ba. Bayanin da ya fi kusa shi ne yawa da daɗewa. An kafa hukumar wasan ta Suwidin tun 1981, kuma masu rajista a ƙasar sun haura 100,000 cikin al'ummar da ba ta wuce miliyan 11 ba. Hunturu mai tsawo da duhu yana kora yara cikin zauren motsa jiki na makaranta, inda sanda da ƙwallo masu araha ke jiran su. Ƙasar da ke tsamo mutum 20 daga cikin dubbai masu yawa, sahunta na uku ba zai yi nisa da na farko ba. Ita ma Jamhuriyar Cek ta matso kusa ne a daidai lokacin da wasan ya bazu a makarantunta da kulob-kulob ɗinta.

Mutum ɗaya da ba ya fita

Mai tsaron gida shi ne ba ya cikin wannan juyi, kuma matsalarsa ta jijiya ce ba ta makamashi ba. Yana durƙushe bisa gwiwoyi, da hular kwano mai raga a fuska, yana tsaron gida mai faɗin santimita 160 da tsayin 115. An taɓa auna bugun da ya kai kimanin kilomita 200 a sa'a. Mu ɗauki 150 kawai: wannan mita 42 ke nan a sakan, wato daga nisan mita 10 ƙwallo zai iso cikin kimanin rubu'in sakan, ko da iska ta ɗan rage masa gudu. Kafin haske ya faɗa ido, saƙo ya kai ƙwaƙwalwa, umarni ya sauko hannu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ya tafi, hannu bai ko fara motsi ba. Saboda haka gwanin mai tsaron gida ba jiran ƙwallo yake yi ba. Yana karanta kafaɗar mai bugu da kwanciyar bakin sandarsa, ya riga ya toshe kusurwa tun kafin a buga.

Sauƙin nauyin ƙwallon yana ruɗar mutane. A gudun da muka ambata yana ɗauke da kuzari kimanin jul 20. A cinya tabo ne kawai, amma a ido yana iya haddasa zubar jini a cikin ƙwayar idon ko ya ɗaga tantaninsa na baya. Likitocin ido a Suwidin da Finlan sun daɗe suna lissafa wannan wasa cikin manyan masu kawo musu raunin ido na wasanni, shi ya sa aka wajabta wa yara sanya tabarau na kariya a can.

Gwaji ga ɗalibai

Ba sai da sanda ko zaure ba za a iya ganin abin da muka bayyana. A auna mita 30 a filin makaranta, a sami agogo mai ƙirga sakan, da ɗalibi lafiyayye wanda ya saba motsa jiki, ya kuma ɗumama jikinsa tukuna. Ya yi gudun mita 30 iyakar ƙarfinsa sau shida, da hutun sakan 15 tsakanin kowane biyu, a rubuta lokacin kowane gudu. Bayan kwana biyu ya maimaita, amma da hutun minti biyu. A zana sakamakon biyu a takardar jadawali guda, lambar gudu a kwance, lokaci a tsaye, a kwatanta gudu na shida da na farko a kowace rana. Wanda ke son ƙari sai ya ƙirga bugun zuciyar mai gudun minti ɗaya bayan gudu na ƙarshe, ya yi haka ga mutum biyar ko shida, ya duba ko waɗanda bugunsu ya fi saurin sauka su ne waɗanda lokacinsu ya fi tsayawa wuri ɗaya. A yi gwajin da sanyin safiya, a kuma ajiye ruwan sha kusa.